Saƙon Iya ga Inna Gaji

An ce da asuba za mu tashi, kuma da asubar na tashi, amma ni kaɗai. Na yi salla, na sa hijabi, na zauna a tabarma a tsakar gida ina jiran gwaggona. Sai da rana ta hau katangar maƙwabta sannan ta fito, tana tambayata zaman me nake yi ban ɗaure kaya ba. Kayan kuwa tun jiya suke a ɗaure. Ita ce ta kwance su sau biyu, na farko don ta ƙara sabulu, na biyu don ta tabbatar ta ƙara sabulun.

Ku da kuka yi ta tambayata ina na shiga ranar nan, ga labarin. Da baki ba zan iya ba, kun san ni.

Kakata ta wajen uba, wadda duk unguwarmu ta Zango ke kira Iya Mai Manja, ta rasu kwana arba'in kafin tafiyar. Bayarabiya ce, mai tsaga uku a kowane kunci. Tana amarya ta zo Damagaram a saman motar goro, ta biyo kakanmu wanda yake gyaran keken ɗinki. A lokacin ko sannu ba ta iya ba da Hausa. Da ya rasu danginta sun zo daga kudu su tafi da ita, ta dafa musu abinci kwana uku, ta raka su tasha, ta dawo ta buɗe rumfarta. Ta haura shekara casa'in. Har ta bar duniya harshenta bai gama miƙewa da Hausa ba, faɗa kuwa da Yarabanci take farawa, kuma ba ta taɓa yarda cewa fura abinci ce ba.

Ni ke shafa mata man kaɗe a ƙafa in na dawo daga lekol, wato makarantar boko. Kwana uku kafin rasuwarta ta riƙe wuyan hannuna, ta ce tana da saƙo zuwa ga wata Inna Gaji ta wajen Dogo. Shekaru masu yawa sun zauna rumfa ɗaya a kasuwar can, Iya da manjanta, Inna Gaji da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Wata shekara Iya ta fara kawo man gwangwani daga birni mai araha, tana sayarwa a gefen ƙawarta. Inna Gaji ta ce mata a gaban mutane ta koma garinsu. Iya ta kwashe kayanta, ba ta sake taka Dogo ba. Bayan nan ɗan Inna Gaji ya rasu, aka aiko, Iya ba ta je gaisuwa ba. Tun babana yana saurayi ke nan.

Ta faɗa mini saƙon, ta sa na maimaita sau uku kamar hadda. Ta ce ni ta zaɓa don ba ni da bakin da zan ƙara ko in rage. Ban san ko yabo ba ne.

Da na gaya wa babana sai ya ce haƙƙin mutum ba ya sauka sai mai shi ya yafe, kuma an ce Inna Gaji ma jikin ya yi nauyi, don haka a je tun tana iya amsawa. Shi ba zai iya rufe butik ba, shagonsa ke nan, sai yayarsa ta raka ni. Gwaggo ta sa na faɗi saƙon a gabanta. Ban kai ƙarshe ba ta dafe ƙirji, ta ce wannan ba neman gafara ba ne, neman faɗa ne, kuma in aka faɗe shi haka tsohuwar nan za ta kore mu, uwarsu ta kwanta da haƙƙin mutane a wuya. Ta ce ita za ta yi magana, nawa kawai in ce haka ne. Da wannan muka fita: Iya ta ce kar in rage, gwaggo ta ce kar in buɗe baki.

Adaidaita ta kai mu tasha. Motar Dogo ƙaramar bas ce, Hiyas, saura mutum biyu in ji direban. Muka shiga, muka zama mutum biyun, ya ci gaba da kiran saura mutum biyu har kusan awa ɗaya. Kuɗin mota ya ƙaru kan abin da gwaggo ta sani, ta yi ta mita, sannan aka ce jarkar manjan da ta ɗauko don tsaraba ma sai an biya mata. Ta ce jarkar a ƙafar yarinya za ta zauna. Yarinyar ni ce. Murfin bai rufu da kyau ba, ledar da aka naɗa masa ta huje, duk ramin da muka faɗa sai na ji ɗumi yana bin yatsuna. Kafin mu wuce manyan duwatsun bayan gari farin takalmina ya koma ja.

Hanyar dai kwalta ce, amma akwai wuraren da direba ke sauka gefe don gefen ya fi. Mun tsaya a peyaj biyan kuɗin hanya, mun tsaya wajen jandarma. Wani jandarma ya leƙo, ya dubi ƙafata, ya tambaya ko ciwo na ji. Motar duka ta juyo tana kallona. Na so ƙasa ta tsage.

In ban da wannan, hanyar tana da kyau a wannan lokaci. Damina ta zo ƙarshe, gero ya yi kai ya sunkuya, wasu har sun fara yanka suna jera dammuna a bakin gona. Dawa ce ba ta nuna ba tukuna. Duk inda mota ta rage gudu mata na miƙo dafaffiyar gyaɗa da gasasshiyar masara ta taga. Gyaɗar ƙulli ɗaya dala biyar, sabuwa ce, ɓawonta har da ƙasa. Gwaggo ta saya, ta ce ba ta dahu ba, ta cinye.

A kujerar gabanmu akwai wani dattijo mai sayar da igiya, ya rataya wasu a kafaɗa. Ƙamshin manja ya sa ya waiwayo, magana ta kai ga inda za mu da dalili. Da ya ji sunan Iya ya cire hula ya yi mata addu'a. Gwaggo ta gyara murya ta shiga abin da na yi kwana arba'in ina ji a gidanmu: wai Iya mace ce mai sanyin hali, ba ta taɓa ɗaga murya ga kowa ba.

Dattijon ya mayar da hularsa.

"Hajiya, to ba ita nake nufi ba. Tawa wata Bayarabiya ce da ta bi wani mahauci da ludayi tun daga rumfar mai har bakin rijiya, don ya ce manjanta da ruwa."

Motar ta kwashe da dariya, gwaggo ta juya tana kallon gonaki. Shi kuwa ya ci gaba. Ya ce yana ƙarami yake ganinta tana saukowa daga motar kaya da garwa a ka, goyo a baya. Ya ce a shekarar yunwa ta riƙa dafa garin rogo a tukunya tana raba wa matan da suka zo kasuwa ba su da abin sayarwa, tana zuba musu tana yi musu faɗa kan ba su wanke kwano ba. Wannan labarin ban taɓa jin sa ba. Na ji haushi, a gida an yi ta ba ni Iyar da ba a taɓa yi ba, ga ta gaskiya sai a bakin mai igiya.

Mun sauka Dogo da hantsi. Ba ranar kasuwa ba ce, rumfunan babu kowa sai awaki. Dattijon ya nuna mana inda rumfarsu take a da. Yanzu wani ɗan shago ne na kwano inda ake cajin waya. Na tsaya ina neman ko da wata alama, ban ga komai ba sai wayoyi a jere. A nan muka ji cewa Inna Gaji ta daɗe da barin Dogo, tana wajen jikanta a wani ƙauye ta hanyar Guna, bayan korama, kuma mota ba ta shiga sai ruwa ya janye. Gwaggo ta dube ni kamar ni na matsar da ƙauyen.

Masu kabu-kabu sun ce za su kai mu, gwaggo ta ce ba ta hawa babur da girmanta. Sai muka jira wani magidanci mai amalanken shanu da ya kawo itace zai koma. Kafin ya gama saukewa muka ci kwaɗon tafasa a wajen wata mata a gindin bishiyar bedi. Ya yi daɗi sosai, ƙulin ya ji, ga albasa, kuma na dala ashirin ya ishe mu mu biyu. Na roƙi ruwa na wanke ƙafa. Man bai fita ba, sai ma ya samu yashi ya riƙe.

Mai amalanken ya ce zai kai mu ya dawo da mu, amma da la'asar sakaliya zai juyo, ba ya ƙetare ruwa da shanu in rana ta yi ƙasa. Wanda bai taɓa hawa amalanke a hanyar yashi ba ya gode wa Allah. Babu abin jingina, katakon yana cizo, ƙudajen shanun kuma ba sa bambanta saniya da mutum. Muka ratsa gonakin gyaɗa da na rake, ganyen raken yana yankar hannu in ka sake. A wata gona ana gasa tumun sabon gero, suka miƙo mana kai biyu ba mu roƙa ba. Ina murzawa ina hurawa, gwaggo tana yi mini bita.

"In na ce Iya ta yi nadama, me za ki ce?"

"Haka ne."

"Ɗaga murya mana! In na ce ta rasu tana kuka tana kiran sunanta?"

Na ci gaba da murza tumuna. Iya ba ta yi kuka ba. A ranar ma faɗa ta yi mini kan na zuba mai da yawa.

A korama ruwan ya kai cikin shanun. Gwaggo ta rungume atamfar tsaraba tana salati da ƙarfi, ni aka bar wa jarka.

Ƙauyen bai fi gida goma sha ba, duk dangar kara. Matar jikan ta tare mu, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa da fura. Gaisuwa kaɗai ta ci lokacin da ya isa a yi sallar azahar: ina gajiya, ina gida, ina damina, ya haƙuri, sannan a sake daga farko. Ni dai inuwar danga nake kallo tana tsawo.

Inna Gaji tana ƙarƙashin rumfar kara a bayan ɗaki. Ƙarama ce ƙwarai, idanunta sun yi fari, ba ta gani sai dishi-dishi. Ƙwarya biyu ne a gabanta, tana ɓarar gyaɗa da lalube, ƙwaya nan, ɓawo can, ba ta kuskure. Da aka ce mata 'yar Iya Mai Manja ce ta zo daga Damagaram, hannunta ya tsaya. Ta ce gwaggo ta matso. Ta shafa fuskarta har kunne.

"Ke ce ta fari ko? A ɗakina aka haife ki, ranar kasuwa. Uwarki tana naƙuda tana ce mini in duba mata garwa kar a sace. Ni na yanke miki cibi."

Gwaggo ta ce haka aka gaya mata. Sannan ta jera tsaraba, goro da sabulu da atamfa da abin da ya rage na manja, ta sanar da rasuwar. Inna Gaji ta yi salati a hankali, ta ce ta ji tun kwana bakwai. Gwaggo ta shiga jawabinta. Gaskiya ta iya magana. Ta ce Iya ta yi nadama, ta ce kullum tana cewa ita ce mai laifi, ta ce ta rasu hawaye na zuba tana roƙon a zo a durƙusa a nema mata gafara. Ta zungure ni da gwiwar hannu. Na sunkuyar da kai ina kallon jan manja a ƙafata.

Inna Gaji ta koma ɓarar gyaɗarta. Sai da ta ɓare kusan goma sannan ta yi magana.

"'Yar nan, wa kika ce ya aiko ku?"

"Iya, Inna."

"A'a. Matar da na sani ko wuta ta taka ba ta cewa wayyo. Ita ce za ta ce a durƙusa mini? Kun dai ji kunyar mutane kun zo. Na gode da goro. Amma ban yafe ba, don ba ta nema ba. Ba zan yafe maganar da ke kika ƙirƙira a hanya ba. Ku sha furarku, rana na yi."

Gwaggo ta fara rantsuwa, tsohuwar ta ɗaga mata hannu. Daga waje na ji mai amalanke yana ɗaura wa shanu karkiya. Na dubi gwaggo, ta yi mini ido irin na kar ki kuskura. Ko a aji in madam ta kira sunana murya ɓacewa take yi, balle a nan. Haushin kowa ya kama ni, har da Iya, da ta rasa wanda za ta ɗora wa wannan kaya duk gidan sai ni. Amma in muka tashi a haka shi ke nan, babu mai sake ƙetare koramar nan, kuma tsohuwar ba ta yi kama da mai jiran wata damina ba.

Na kafa ido a ƙwaryar ɓawo na ce, "Inna, ni ta ba wa saƙon."

"Wace ce wannan mai murya kamar sauro?"

"Jikarta ce," in ji gwaggo. "Yarinya ce, ba ta…"

"Bar ta. Faɗi, yadda ta faɗa."

Na faɗa kamar yadda nake ba da hadda, ban tsaya numfashi ba. "Ta ce in ce wa Gaji, maganar kasuwa na yafe mata. Gaisuwar ɗanta da ban je ba, sau uku ina ɗaura zane ina kaiwa tasha ina komowa. Wannan laifina ne. In ta ga dama ta yafe, in ba ta ga dama ba ta riƙe, dama ta iya riƙo. Kuma ki ce mata ƙulinta gishiri ya yi masa yawa tun asali, kunya ce ta hana ni faɗa."

Gwaggo ta rufe fuska da mayafi. Matar jikan ta saki baki.

"Gishiri!" Inna Gaji ta buga ƙwarya har gyaɗa ta watse. "Ƙulina? Wadda take cika lalitarta da shi duk kasuwa, tana ci tana hawaye don daɗi? Kunya! Yaushe ta san kunya? Ita ta yafe mini? Ita?"

Ta yi ta faɗa, tana haki, har na tabbata na ɓata komai. Sai muryar ta karye a tsakiyar wata kalma. Ta sa gefen zane ta goge ido.

"Wannan ita ce," ta ce. "Sau uku ta ce?"

"Sau uku, Inna."

"Ni kuwa har aka yi arba'in ɗin yaron nan, duk motar da ta tsaya sai na aika a duba. Da ta ƙaraso ko sau ɗaya, da ban bari ta yi magana ba ma." Ta lalubo hannuna ta riƙe, tafinta kamar busasshen ganye. "Na ce ta koma garinsu. Wane garin? A ɗakina ta haihu, a ƙasar nan ta binne miji. Tun kafin in rufe baki na san ƙarya na yi. To ki ji, ke da kika iya riƙe magana. Na yafe mata duniya da lahira. Allah ya haskaka kabarinta, ya sa ta huta." Muka ce amin. Ta ƙara da cewa, "Maganar gishiri kuwa a bar ta. Na kusa zuwa, ma yi ta a can."

Ta sa aka cika mana leda da ƙuli, ta ce a kai gidan a ci a yi hukunci. Mai amalanke yana ta sallama a ƙofa, muka fito a gurguje.

A hanyar komawa gwaggo ta juya mini baya har muka ƙetare ruwa. Na ɗauka fushi ne. Sai na ga kafaɗarta tana rawa. Can ta ce, ba ni take kallo ba, "Masifaffiya ce, wallahi. Allah ya jiƙanta." Tun rasuwar, wannan ce addu'a ta farko da na ji an yi wa Iyar da na sani. A Dogo muka samu mota ta cika da buhunan sabon gero da kaji, muka matsu a baya, ana kiran magariba muka shigo Zango.

Babana yana zaune a ƙofar gida, tun da ya taso daga butik bai ko shiga ya sa ruwa a baki ba. Bai tambayi hanya ba.

"Ta yafe?"

"Ta yafe, Baba."

Ya sunkuyar da kai, sannan ya ce in je in wanke ƙafata.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa. Kar ka yarda da direban da ya ce saura mutum biyu, kar kuma ka yarda a ajiye jarka a ƙafarka. Sai kuma wannan: in mutum ya rasu muna ta goge shi muna gyarawa don ƙauna, har ya zama wanda ya zauna da shi ba zai gane shi ba. Mu da muke gida ɗaya da Iya mun kusa jawo mata asarar yafiya saboda son a ce mutuniyar kirki ce. Wadda suka yi shekaru ba sa magana ita ta ƙi karɓar wata a madadinta.

Washegari maƙwabta suka shigo sannu da zuwa. Ina shara na ji gwaggo tana ba su labari: yadda Iya ta aika da roƙo cikin tawali'u, yadda ita gwaggo ta lallashi tsohuwar da daɗin baki har ta sauko. Na tsaya da tsintsiya a hannu, maganar ta zo mini har baki. Sai na ci gaba da sharata. Wadda aka aike ni wajenta ta riga ta ji daidai.